Lakar Nitai

Nitai Pal maƙwabcina ne a unguwar maginan gumaka ta Kalkata, a ƙasar Indiya. Tun ina yarinya nake ganinsa yana ɗaure bambaro a jikin sandunan gora, ya shafe da lakar kogin Ganga, har Uwa Durga, abar bautarmu, ta fito da hannuwanta goma. Ba ya gasa lakar, don ana gama bikinta na shekara ake kai Uwa kogi ta narke. Wa'azinsa ɗaya ne kullum, har ya ishe mu: ka so abu iyakar so, amma kada ka riƙe. Ni kuwa nakan ce a raina, bai taɓa yin rashi ba ne.

Sai zazzaɓi ya ɗauke Shefali, 'yarsa tilo, mai dama masa fenti. Aka ƙona gawar bisa al'adarmu, ya zuba tokar a kogi, ya koma aiki ko hawaye babu. Ranar da ya zana wa Uwa idanu na kai masa shayi, sai na dubi fuskar da ya yi mata. Fuskar Shefali ce sak, har ɗan tabon haɓarta.

Ranar kai Uwa kogi, samarin unguwa suka zo ɗaukarta daga rumfar biki, suka tarar Nitai ya rungume ƙafafunta.

"Kawu, saki mana, jama'a na jira," in ji Bankim, shugabansu.

"Ku bar mini wannan. Zan gasa ta in ajiye, in gina muku wata."

"Haba Kawu! Uwar za ka cusa a wuta kamar tukunya? To ina wa'azin?"

Na ji kamar in kwaɗa wa Bankim mari. Na durƙusa kusa da tsohon na ce, "Yaya Nitai, an sa Shefali a wuta sau ɗaya. Ya isa."

Ya saki ƙafafun Uwa. Can ya miƙe ya sa kafaɗarsa cikin masu ɗauka. A kogi shi ya shiga ruwa har ƙirji, ya tura ta da hannunsa, ya tsaya yana kallon fuskar tana zagwanyewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Bai ƙara yi wa kowa wa'azi ba. Da lokacin aiki ya zagayo, na gan shi a gaɓa da kwando yana ɗibar laka, daidai inda ya zuba tokar Shefali.

Na ce, "Yaya, duk faɗin gaɓar nan, sai nan?"

Ya ce, "Ta saba taya ni aiki."