Tattabarun Baba Saje

Ranar Talata da hantsi ina girbin dawa a gonata ta hanyar Dirin Daji, wani ɗan kabu-kabu da ya san ni ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga murya: "Kofur Isa, ba ka ji ba? Baba Saje ya rasu, tun jiya aka kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan kunya da magirbi a hannuna, na shiga tuna rabona da gidansa. Damina biyu cur, alhali tsakanin gidana da nasa ko ruwa aka ɗora a wuta ba zai tafasa ba na isa.

Saje Mainasara tsohon soja ne, ya yi ritaya tun muna makarantar firamare, ya zauna a unguwar Rikoto yana kiwon tattabaru. Mutum ne mara yawan magana. In ya ga an jefar da fasasshiyar tukunya sai ya ɗauka ya kai gida, ya ce ɗakin wani ne. Bai taɓa karyawa ba sai ya canza wa tsuntsayensa ruwa. Ranar addu'arsa masu zuwa coci sun kusa kai masu zuwa masallaci yawa, don babu gidan da aka yi haihuwa a unguwar bai aika da 'yan shila biyu a yi wa mai jego farfesu ba.

Ni a mummunan hali ya same ni. Na dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, na tarar matata Hajara ta rasu ina can, ba wanda ya iya sanar da ni. Na ajiye kaki, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Wata huɗu ban taka bakin titi ba sai ranar Juma'a. Yayata ce ta gaji ta ce in nemi ko tsuntsu ne in riƙa jin motsi a gidan, ta tasa ni gaba har ƙofar Baba Saje.

Na ce masa aku nake so, tunda shi yana magana. Ya dube ni ya ce, "Kofur, aku abin da ya ji a gida shi yake maimaitawa. Mi zai ji a gidanka?" Na ce to kanari. Ya girgiza kai ya ce kanari yini ɗaya ka manta da ruwansa, sai ka tarar da shi ƙafafu a sama, kuma ni da ya gani ko ruwan kaina ba na tunawa. "Wanda bai taɓa kiwo ba," in ji shi, "ya fara da tsuntsun da zai yafe masa kuskure."

Ya shiga da ni ɗakin tattabaru ya nuna mini yadda ake zaɓe. A duba ido ya zama garau, a taɓa ƙirji a ji tsoka, a ɗaga wutsiya a ga babu zawo, kuma kada a ɗauki wanda ya takure a lungu komai kyan gashinsa. Ya kamo namiji mai ruwan toka da tamata fara, ya sa mini a kwando. Ya ce in rufe su kwana uku da dawa da ruwa mai ɗan kanwa, sannan in buɗe.

Na buɗe a rana ta huɗu. Suka hau katanga, suka yi kewaye ɗaya, suka miƙe Rikoto. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kunya ta hana ni barin kyautar dattijo, sai na sa takalmi na bi su. Na tarar da shi a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Sun riga ka. Zauna ka taya ni, sai sun shiga ɗaki za su kamu." Matarsa Inna Asabe ta kawo kunu. Haka muka yi ta yi kusan wata biyu: in rufe, in buɗe, su gudu, in biyo su. Bai taɓa tambayata abin da na gani a wajen yaƙi ba, bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Gyaɗa kawai yake tura mini.

Da tamatar ta yi ƙwai a gidana, sai suka zauna. Ni ma lokacin na fara fita, na nemi gona, na koma cikin mutane. Zuwa Rikoto ya koma mako-mako, ya koma sai da Salla, daga baya ya ɗauke. Wani mai kiwo ya taɓa yi mini dariya a kasuwa, ya ce ai kowa ya san sabuwar tattabara fige mata gashin fiffike ake yi, kafin ya tsiro ta saba da gida. Na ce a raina tsufa ne ya sa Baba mantuwa.

Da na je gaisuwar rasuwarsa, na durƙusa gaban Inna, cikin zance na faɗa mata haka. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Mantuwa? Haba ɗan nan, mutumin da ya tsufa yana figar fiffike? Ni na tuna masa da figar a ranar da kuka tafi da kwando. Ya ce in ya fige su, ba abin da zai sake fito da kai daga ɗaki." Ta ce da ciwo ya kwantar da shi, kullum da la'asar sai an shimfiɗa masa a tsakar gida, yana kallon tattabaru suna sauka, yana tambaya ko na Kofur na ciki. Ta ce a aika a kira ni, ya hana, ya ce wanda ya zauna gidansa lafiya ba a tayar da shi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gaban mata, ban ji kunyar kowa ba.

Inna ba ta da ƙarfin kula da garken, sai 'ya'yansa suka ce in kwashe. Sun ja mini kunne in fige su tun a ranar. Ban fige ba. Kullum da safe na buɗe sai su tashi su nufi Rikoto, ni kuma in sa takalmi in bi su, in gaida Inna, in zauna a gefen tabarmar da ba kowa a kai.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Mainasara, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Asabe da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, Ka tsare musu zumuncinsu a bayansa. Ni kuma Ka yafe mini damina biyun nan da ya yi yana duba sama. Amin.