Orval Dettmer da Harsashi Ɗari Uku na Lorna

Ƙarfe shida na safe Orval Dettmer yake buɗe ɗakin ɗura harsashi na ƙungiyarmu ta wasan harbi, nan bayan garin Salmon a Idaho. Ya ɗora kofinsa mai ɗaci kamar maɗaci, ya share tebur, ya kunna 'yar fitilar da ya ɗaure a jikin inji. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, mu kuma muna shan faɗansa. Yau idonsa ya yi rauni, ya ce ya ajiye aikin, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba.

Injinmu mai juyawa ne. Ka ja hannunsa sau ɗaya, kwanson harsashi biyar su matsa gaba, kowanne ya shiga ƙarƙashin bututun ƙarfensa: wannan ya gyara kwanso, wancan ya zuba albarushi, wani ya zaunar da dalma, wani ya matse baki. Gurbi biyar ne kacal, don haka zaɓen bututun da za a ɗaura shi ne duk gardamar 'yan ƙaramar bindiga. Orval ba ya shiga gardamar. Dokarsa ɗaya ce: gurbi guda na “mai gadi” ne, bututun da ke leƙa albarushi ya tsayar da inji in an zuba sau biyu, don irin wannan harsashi fasa bindiga yake yi a hannu. In ka yi musu, sai ya ɗaga maka hannunsa na dama, mai yatsu uku.

Lorna Pettibone ce ta yi musu. Ita ke kaɗa mana piyano a coci, kuma ba a kayar da ita a harbi, ba a kayar da ita a taurin kai. Ta sayi injinta, ta cire mai gadi ta sa bututun da ke ɗora dalma da kansa, don sauri. Ranar gasar gunduma ta zo da harsashi ɗari uku suna ƙyalli.

Orval ya ɗauki ɗaya ya juya. “Lorna, injin ya taɓa cijewa kina aiki?”

“Sau ɗaya. Na ɗan koma baya, na ci gaba.”

“Kin leƙa kwanson?”

“Haba tsoho, a bar ni in sha iska! Saura awa guda a fara.”

“To ba da waɗannan ba. Ga gudumar cire dalma, mu farke su.”

“Duka ɗari ukun? Kai dai tsufa ya taɓa ka.”

“Ya taɓa ni. Zauna.”

Na ga abin da idona, ina raba kofi. Ta zauna tana huci, ana jin harbin gasar daga waje, suna farke harsashi ɗaya bayan ɗaya suna zazzage albarushin a ma'auni. Ta kira shi alfadari, ta kira shi ɗan baƙin ciki. Ya ci gaba da farkewa. Aka yi azahar, aka raba kofunan gasa ba ita. A na ɗari biyu da goma sha ɗaya, ma'aunin ya nuna ninki biyu cif. Lorna ta dubi ma'auni, ta dubi hannunsa, ta ɓoye nata a cinya. Orval ya ce, “Saura tamanin da tara,” ya miƙa mata guduma.

Kai ne, Orval, ka yarda a ƙi ka yini guda don mutum ya koma gida da jikinsa cikakke. Kai ne ba ka taɓa cin kofi ba, ba ka taɓa shiga jarida ba, amma shekara talatin da ɗaya bindiga ba ta fashe a hannun kowa a filinmu ba. Mai gadin masu gaggawa, mun gode, kuma wallahi za mu yi kewar masifarka.

Ku matasan da ke sayen sababbin injuna, ku bar wa mai gadi gurbinsa. In kun ga ɗan'uwa zai cuci kansa, ku tare shi ko zai zage ku.

Orval ya sha cewa shi ba mai zuwa coci ba ne. Amma duk Lahadi za ka same shi a bencin baya, hula a gwiwa, ido a rufe. Na tambaye shi ko waƙoƙin yake so.

Ya ce, “Ina! Yatsun Lorna nake ƙirgawa. Goma ne.”