Veikko da Bawul ɗin Hayaƙi

Yayana Veikko Moilanen bai taɓa aure ba. Abin da ya riƙa a duniya shi ne wata tsohuwar akori-kura shuɗiya da ya saya tun mahaifinmu yana raye. Da ita yake kai wa tsofaffin ƙauyenmu itacen hura wuta kafin sanyi ya kankama, daga gidajen bakin tafki har na bayan coci. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kansa ya isa ya tsufar da mutum.

Bana da kaka ya kai motar garin Kajaani wurin masu duba lafiyar motoci. Suka zura mata na'ura a salansa, suka ce hayaƙinta ya wuce ƙa'ida. Bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya toshe da kunkunniya. Ko ya canza shi ya dawo, ko motar ta daina hawa titi.

Gidana ya zarce yana huci, ya tattake mini darduma da takalmi. Wai yarinyar da ta duba motar ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da injin nan ya fara aiki. Na ce ya kai wa Pentti makaniki a sa sabo, kowa ya huta.

Ya ce, "Marjatta, ina da hannu biyu zan kai wa Pentti?"

Daga nan tawa ta same ni. Ya kwance bawul ɗin ya ce wanki kawai yake so. Washegari na nemi tukunyar da nake dafa miyar wake na rasa, ashe tana garejinsa cike da man gas, ƙarfen yana jiƙe a ciki. Tukunyar ta tashi aiki, bawul kuma bai motsa ba.

Sai ya ce mu je garin Iisalmi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ni ce direba, tunda tasa motar tana kwance ciki a buɗe. Ya wuni yana tonon matattun motoci ina zaune ina rawar ɗari. Muka dawo gida da bawul ɗin da ya samo, ramukan noti suka ƙi haɗuwa, ashe na motar wata shekarar ya ɗauko. Muka koma. A karo na biyu ya samo daidai, amma garin kwance bututun da ke haɗe da shi, wani noti da tsatsa ta cinye ya karye a ciki. Ya yi ta fama da shi a sunkuye har bayansa ya riƙe.

Ana haka dusar ƙanƙara ta fara sauka. Veikko ba ya ɗaukar waya, saboda haka ni tsofaffin suka riƙa kira. Da Hilkka, wata gwauruwa da ta haura tamanin, ta ce da rigar sanyi take kwana, na kwantar da kujerun 'yar ƙaramar motata na loda itace. Ni da ciwon gwiwa, gida gida, har motar ta koma warin ɓawon itace.

Ranar da na gaji na same shi a gareji na zazzage masa. Na ce mutane na jin sanyi saboda girman kansa. Ya daɗe yana goge sifana da tsumma kafin ya amsa.

"Pentti zai ce motar ta mutu ne. In ya faɗa, gaskiya ya faɗa. To da safe in tashi in yi me?"

Na ji tausayinsa, amma gwiwata ba ta ji ba. Na kira Pentti a ɓoye na roƙe shi ya biyo kamar hanya ce ta kawo shi, kuma ya kama bakinsa game da shekarun motar. Ya zo, ya sha kofi, ya leƙa injin kamar bai damu ba. Kafin kofin Veikko ya huce ya zare karyayyen notin, yayana na tsaye a kansa yana koya masa aiki. Bawul ɗin dai Veikko ne ya ɗaura da hannunsa, wannan ba zan tauye masa ba.

Motar ta ci jarrabawa. Yarinyar nan ce ta sake dubawa, ta ce hayaƙi ya yi daidai, amma tsatsa ta fara huda ƙasan motar, baɗi ba za ta kau da kai ba. A kantin ƙauye Veikko ya ba kowa labari cewa shi kaɗai ya yi aikin. Ni da Pentti muka bar shi.

Ran Lahadi na hango shi ta taga yana zagaya rumfar da nake ajiye keke, yana ƙwanƙwasa kwanon rufin da ɗan yatsa. Ya shigo ya tambaye ni ko ina da wani amfani da kwanon nan mai kauri na gefen hagu. Na gane ƙasan motar yake so ya yi wa faci da shi, na ce ya fita mini daga gida. Ya ce to, ya ja kujera ya zauna, ya miƙa hannu ya yanki burodi.