Wata Takwas da Ɗigon Fenti

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina kuma abokin sana'ata, wanda duk layin kanikawa ya sani da Ƙara-Wuta. Kwana biyu kacal ya yi a gadon asibiti. Jininsa ne ya hau, bai sake buɗe ido ba. Na Allah ne mu duka, kuma inda ya tafi can muka nufa. Na faɗi wannan sau ba adadi a makonni ukun nan, zuciyata kuma ta yarda. Amma haushinka da nake ji, Ƙara-Wuta, bai sauka ba, kuma ba zan ɓoye maka a takarda ba, tunda ban taɓa ɓoye maka a ido ba.

Shekara talatin da ɗaya muna gareji ɗaya, ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. Kai inji ka iya, ni kuma giyabos, akwatin nan mai haƙora da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. Ni na laƙaba maka Ƙara-Wuta, domin ba ka taɓa jin kukan inji ka ce ya isa ba. Kai kuma ka rama da A-Hankali, har jikokina suka tashi suna zaton sunana ke nan.

Alherinka ma mai gajiyarwa ne. Ba ka iya wuce motar da ta mutu a bakin hanya. Ranar auren babbar 'yata, muna cikin fararen kaya, ka hango wani dattijo ya buɗe gaban motarsa yana zare ido, ka ce mini minti biyar. Awa biyu muka yi. Muka isa mutane sun fara watsewa, kai da baƙin mai har gwiwar hannu, kana ta yi wa surukaina bayanin fulogi. Haka kuma shekarar da jak ɗin ɗaga mota ya zame, motar ta danne mini hannun dama, wata uku kana gama aikinka ka dawo bencina ka yi nawa, kana zagin giyabos da wanda ya ƙirƙiro shi. Ko sau ɗaya iyalina ba su ji a jikinsu cewa hannuna a naɗe yake ba. Da na zo yi maka godiya, cewa ka yi in matsa ina tare maka haske.

Sai kuma 'yar jar motar nan. Mai kujera biyu, mara nauyi, wadda ƙarti huɗu za su iya ɗaga bayanta. Ka tsinto ta a matacciya, ka tashe ta, ta yi kyau, kowa ya yaba. Da ka tsaya nan da ba a yi komai ba. Amma ina! Sai da ka ɗaura mata turbo, na'urar da ke ɗura wa inji iska don ƙarfinsa ya ninka. Na zaunar da kai, na ɗauko haƙoran giyarta na ɗora maka a tafin hannu. Na ce ka duba kaurinsu, waɗanda suka ƙera su sun auna su ne da ƙaramin inji, ba da wannan aljanin da ka mayar da shi ba. Ka jujjuya su, ka ce, “A-Hankali, kai fa tsoro ne ya hana ka ƙiba.”

Sau huɗu giya lamba uku tana zubar da haƙora. Sau huɗu ina sauke giyabos ɗin nan, in kwance notin da ake tsiyaye mai, in nuna maka maganaɗisun da ke bakinsa ya yi gashi da garin ƙarfe. Wannan shi ne awona tun ina koyon aiki: in maganaɗisu ya fito fes, ciki lafiya, in ya fito da gemu, haƙora na cin junansu. Kai kuwa sai ka tsince karyayyun ka zuba a gwangwanin madara, kana kaɗa mini shi a kunne.

Na huɗun ne ya raba mu. Haƙori ya karye ya maƙale, tayoyin baya suka ƙame ana cikin gudu, motar ta juya sau biyu ta tsaya a cikin ciyawa. Kuma ba kai kaɗai ba ne a ciki, Auta na gefenka, 'yarka da nake gani kamar ni na haife ta. Allah Ya tsare, goshinta kawai ya fashe. Na gyara, na ce wannan ne na ƙarshe, kuma da sharaɗi: ka sassauta notin da ke daidaita iskar turbo zagaye uku, ko kuwa babu ni babu maganar motar nan. Ka yi dariya. Washegari da safe na shigo na tarar kana zaune a ciki kana taka totur har kwanon rufi na rawa, kana kallona ta madubi.

A ranar na ja bencina zuwa ɗaya ƙarshen garejin. Wata takwas, daga sallama sai sallama. Kullum safiya sai ka tashe ta ka taka mini ita, kullum sai in juya maka baya. Magana ta ƙarshe da na yi maka a duniya ita ce, “Ɗauke sifanarka daga bencina.” Da ita ka tafi.

Kwana goma bayan rasuwarka Auta ta same ni, idonta a kumbure. Ta ce, “Baffa, makullin jar motar nake so. Baba ya ce tawa ce.” Na ce ta ba ni zuwa gobe. Gaskiya ba niyyar ba ta na yi ba. Niyyata in cire turbon nan gaba ɗaya in jefa shi bayan gareji, in ta ga dama ta yi fushi da ni ita ma. Na riga na binne uban, ba zan tsaya ina kallo motarsa ta ɗauke mini 'yar ba.

Da safe na buɗe gaban motar, sifana a hannu. Sai na ga ɗigon fenti ruwan ɗorawa a kan notin iskar. Kowa a layin nan ya san wannan alamata ce: duk notin da na ɗaure daidai sai na ɗiga masa fenti, don in gane in wani ya taɓa. Amma ni ban taɓa wannan notin ba. Na ƙirga zaren da ya fito waje, zagaye uku cif. Fentin ya bushe tuntuni, har ya yi datti. Na shiga ƙarƙashi na kwance notin mai, maganaɗisu ya fito fes, ko ƙwayar ƙarfe babu.

Ina nan zaune a ƙasa Auta ta shigo. Na nuna mata ɗigon fentin. Ta ce, “Ai tun ranar da kuka yi faɗa ya rage, Baffa. Da fentinka ma ya shafa. Ya ce kada in kuskura in gaya maka, wai kanka zai kumbura.” Na ce, to takun totur ɗin nan na kullum fa? Ta ce, “Ai ba ya saka giya. Ya ce yana so ya ga ranar da za ka gaji ka zo ka duba da kanka.”

Haba, Ƙara-Wuta! Wannan wane irin taurin kai ne? Kalma biyu ce fa, “na rage”. Da ka faɗe ta da bakinka zai ciwo? Ka gwammace ka bar ni wata takwas ina cin abincin rana ni kaɗai a bayan tsohuwar taya, alhali ka riga ka yi abin da na ce. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ka san ni sarai. Ka san aikin minti biyu ne in tako in kwance noti ɗaya in gani. Taku ashirin ne tsakanin bencina da motar. Ban tako ba. Ni da nake taƙama ina gane ciwon giya daga kukanta, na kasa jin cewa inji ne kawai ke ihu babu kaya a kansa, saboda fushi ya toshe mini kunne. Da gaskiyata a kan haƙoran nan, kuma ban ga abin da gaskiyar ta tsinana mini ba.

Na ba Auta makulli. Ta ce sai na shiga, na shiga. Ta sa lamba ɗaya, ta sa biyu, da ta kai hannu za ta sa uku na kasa kunne. Giyar ta shiga sumul, ko ƙas ban ji ba. A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa duk matafiyin da ka tsaya wa a bakin hanya ya zama shaida a gare ka. Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da Auta da yayyenta, da duk 'yan layinmu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ni na yafe maka duniya da lahira, kai ma ina fata ka yafe mini. Na mayar da bencina inda yake, kusa da naka. Sifanarka kuma tana kai, ba wanda zai ɗauke ta.