Tudun Duban Wata

Garinmu yana kan hanyar Gummi zuwa Bukkuyum, kuma a yammacinsa akwai wani tudu da ya rage daga tsohuwar ganuwa. Ba wani tudun a zo a gani ba ne, ko tsohuwar akuya ba ta haki in ta hau shi. Amma in ka tsaya a kansa ka fuskanci mafaɗar rana, babu abin da zai tare maka ido. Gonakin gero su gangara har fadama, fadama ta shimfiɗe da shinkafarta har bakin gulbi, sai giginyu tsilli-tsilli can nesa, daga nan kuma sai sama. A kan tudun nan garinmu yake duban wata, kuma babban mai duban shi ne mahaifina.

Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa masa rawani. Allah ne dai ya ba shi ido, mutane kuma suka shaida ba ya ƙarya. In ana sa ran tsayuwar wata, tun la'asar sakaliya zai ɗauki sandarsa da buzunsa ya hau. In ya hango jinjirin watan ba ya ihu irin na yara. Sai ya kama kafaɗar wanda ke kusa da shi, ya miƙa sandar, ya yi ta gyara masa kai har shi ma ya gani, don shaidar mutum ɗaya ba ta isa. Daga nan su wuce wurin liman, liman ya kai su gaban hakimi, a harba bindiga, a tashi ɗan aike zuwa Gummi. Wanda ya fi kama wa kafaɗa wani Bafillace ne amininsa, mai ruga a bayan fadama. Tun suna samari suke hawa tudun tare suna zagin juna, wannan ya ce wancan nono ya toshe masa ido, wancan ya ce wannan hayaƙin daddawa ya gama da nasa.

A shekarun da aka gyara hanyar mota gari ya cika ya batse. Kowa ya sayar da buhun shinkafa sai ya fita bayan ganuwa ya dasa ɗaki inda ya ga dama, har ta kai wani lungun jaki mai mangala ba ya iya ratsawa. Ni a lokacin tela ne, da matata da 'ya'yana biyu, kekena yana wata rumfa a bakin tasha. Daga nan na ga isowar mai tsara gari da hukuma ta aiko daga Sakkwato, da turakunsa da igiyar awonsa. Saurayi ne siriri, tashin Zariya, Hausarsa kamar ta rediyo. Mutane suka sa masa suna Malam Safiyo, shi kuma bai damu ba.

Ba a daɗe ba labari ya bazu cewa yamma za a fara yanka fegi, wato filayen gini, don can ne tudu, ruwa ba ya kwanciya. Masu hannu da shuni har sun fara maganar bene da rufin kwano. Baba ya ji, sai ya daina cinye tuwonsa. Inna ce ta same ni a rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Tashi ka kai tsohon ga wurin yaron ga mai igiya, kahin shi mutu muna da baƙin ciki."

Na tafi a shirye da faɗa, don ni tun fil'azal ban yarda da mutumin da ke soke biro a aljihun gaba ba. Sai yaron nan ya ba ni kunya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce mu je ya gani. Da muka hau ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo. Damina ce ta fara, fadama ta yi kore shar, shanu na dawowa ta burtali. Ya ce, "Baba, wannan tudu ba za a taɓa shi ba. Zan kewaye shi a taswira, in sa a dasa masa dogon yaro layi-layi ya yi kyau."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, ashe kai ma so kakai ka makanta mu. Tudun ga ƙasa ta, ba komi ba. Hilin da ag gabanai shi muka so. In anka gina soro nan, ko anka dasa icce, mi za mu gani in mun hau? Bayan ɗakin wani?"

Malam Safiyo ya sosa ƙeya. Ya ce ya fahimta, amma abin da Baba ke nema shi ne a bar fili fetal tun daga tudu har fadama, ba gini ba bishiya, kuma a wurin da ya fi ko'ina kyawun gini. Shi zai iya zanawa, amma sa hannu ba nasa ba ne, na ogansa ne. In aka tambaye shi wannan fili na mene ne, asibiti ko makaranta ko kasuwa, ya ce na kallon sama ne, za a ce yaron ya zautu. Fili kuwa in ba shi da aiki, ko an bar shi yau gobe wani zai cinye. Daga nan ya ce azumi ya kusa, zai roƙi ogan ya zo ranar duban wata, tunda gani ya kori ji. In ya ga Baba ya nuna wata daga nan a gaban jama'a, magana ta ƙare.

Baba ya ce, "Allah shi kai mu." Ni kuwa akwai abin da na sani wanda mai tsara gari bai sani ba. Idon Baba ya fara tafiya. Yanar ido ta fito masa, fara-fara kamar an ɗiga nono a ruwa. Na ga ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Na ga ya gaida maƙwabcinmu da sunan ƙanensa. Watannin baya na rani da bazara, jama'a ba su cika hawa tudu ba sai su biyu, amininsa ne ke gani su sauko tare, ba wanda ya tambayi wa ya riga wa. Mu a gida mun kama bakinmu, shi ma bai taɓa furtawa ba. To, ga shi yanzu an rataya filin gaba ɗaya a kan idon nan.

Na rasa yadda zan yi. In na faɗa wa Malam Safiyo na tona asirin ubana, in na yi shiru a kunyata shi a bainar jama'a, filin kuma ya tafi. Na yi ta addu'ar Allah ya kawo hadari ranar, ya rufe yamma ruf, kowa ya koma gida ba kare bin damo. Ina ɗinki ina leƙen sama, har na haɗa wa wani hannun riga a baibai, ya zo ya yi mini tatas.

Ranar ta zo, aka yi ruwa da hantsi, kafin la'asar sama ta washe tas kamar an wanke kwano. Haushi ya kama ni. Ogan ya iso cikin Landiroba, dattijo mai furfura a gemu, ba shi da girman kai, amma ka ga fuskarsa ka san bai zo wasa ba. Rabin gari ya hau tudu, waɗanda ke harin fegin wurin su ma suna nan, sun harɗe hannu. Baba ya shimfiɗa buzunsa a gaba, amininsa yana damansa, ni ina bayansu. Rana ta faɗi, ladan ya yi kira, aka yi sallar magariba nan a kan tudu cikin hanzari, kowa ya miƙe ya zuba wa yamma ido.

Ina kusa, don haka na ji abin da sauran ba su ji ba. Bafillacen ya matso, ya rage murya, ya kira shi aboki da Fillanci kamar yadda ya saba, ya ce, "Sobajo, ga shi can ya hito, sama kaɗan da inda rana taf faɗi, hannunka na dama. Ɗaga sanda ka nuna, ni ka shaida."

Wallahi a raina na ce, Baba ɗaga. Watan yana nan, ba ƙage za a yi masa ba, kuma mutumin nan don ƙauna ya faɗa. Baba ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana nema har hawaye suka gangaro masa. Bai ɗaga sandar ba. Ogan ya matso ya ce, "Baba, yaya? Ka gani?"

Baba ya juyo ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "Ranka shi daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ban gani ba. Idona sun tahi, kuma ba ni sa mutane azumi da idon aro. Wanga ya ce ya gani, shi kau ba ya ƙarya. Ku tambaye shi."

Jama'a suka zuba mana ido. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ji haushinsa, na kuma ji ban taɓa son sa kamar lokacin ba. Sai amininsa ya matso. Ya kama kafaɗar ogan kamar ya kama maraƙi, ya miƙa sandar kiwonsa, ya yi ta karkata masa kai. Can ogan ya ce, "Allahu Akbar, ga shi!" Sai aka ɗauka ta ko'ina, wannan ya gani wancan ya gani, yara na tsalle. Siriri ne ƙwarai, ƙasa-ƙasa, dab da kan giginyu. Malam Safiyo ya raɗa wa ogansa cewa ko katangar gida ɗaya ce a gabanmu da ba wanda zai gan shi. Ogan ya ci gaba da kallo har watan ya nutse.

Ogan ya sa hannu, an bar filin. Aka zana shi a taswira, mai faɗin baki kamar mazurari, daga tudu har fadama, aka kafa turakun siminti a gefunansa, aka karkata sababbin fegi kudu da arewa. Waɗanda suka rasa wurin sun yi gunaguni, ban kuma ga laifinsu sosai ba, don wasunsu inda aka ba su sai da suka yi ciko. Malam Safiyo ya zo har zaure ya shaida wa Baba. Baba ya sa masa albarka, ya sa Inna ta dama masa fura ya sha ruwa da ita a gidanmu.

Da azumi ya zo ƙarshe aka shiga neman watan Sallah, na zo da la'asar in raka shi. Na tarar ya yi alwala ya zauna a zaure, sandar tana jingine a bango. Na ce, "Baba, tashi mu tahi, ni ka riƙa ka." Ya ce in tafi kawai, kada in makara. Na yi magiya, na ce filin nan fa shi ya ƙwato shi, ko bai gani ba ya je ya tsaya. Ya ce wurin ba shi da faɗi, kada ya tare wa mai ido.

Na hau ni kaɗai cikin jama'a, aka kuwa ga wata. Na sauko da gudu, tun kafin a harba bindiga na faɗa zauren ina haki, na ce, "Baba, wata ya tsaya, gobe Sallah."

Ya ce, "Kai ka gani da idonka, ko hwaɗa maka anka yi?"

Na ce, "Ni na gani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To zamna nan kusa, ka hwaɗa mani yadda shike."