Tafiyar da Baba Bai Samu Yi Ba

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci wani maƙwabcinmu ya gina masallaci daf da ƙofar gidanmu a Daura. Kowa ya sa albarka, har da ni. Sai daga baya na lura, in ma lurar tawa daidai ce, cewa zuwa tsohon masallacinmu na bayan kasuwa ita ce tafiyar ƙasa da ta rage wa Baba. Da ƙuruciya shanu yake korowa daga ƙauyukan Dutsi da ƙafarsa. Da ya zama babban dillali sai ya koma zaman benci a kara, kasuwar shanu, ana kawo masa shayi mai kauri.

Lokacin na gama jami'a ban sami aiki ba, ni nake raka shi asibiti. Likita ya ce sugansa bai zama ciwo ba tukuna, amma ya kama hanya. A rage zaƙi, a rage tuwo, ya riƙa takawa kullum. Na tsorata, domin ciwon nan ne ya ci ƙafar baffana. Zaƙin dai Inna ta iya da shi, a gida aƙalla. Tafiyar ce ta gagara.

Ba ƙi ya yi ba. Bayan la'asar muka fita, yana gaba ina biye. Ba mu bar layinmu ba wani ɗan acaɓa ya taka birki.

"Alhaji, lafiya? Ina motar?"

"Lafiya lau. Likita ne ya ce in taka."

"Ina raye ka taka ƙasa? Hau, Baba, don Allah."

Baba ya dube ni, ya hau. Ɗan amininsa ne, ya ce, ba zai kunyata shi a titi ba. Muka sauya hanya, muka sauya lokaci, kullum sai an sami mai tsayawa.

Maganar ta kai kara. Ina tsaye wani abokin wasansa ya ce, "Alhaji, an ce an gan ka kana gararamba a ƙasa. Shanun ne suka ƙare, ko ɗan bokon nan ne yake kiwonka yanzu?"

Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Amma a satin wani ya aiko matarsa wurin Inna, a asirce, ta ji ko karayar arziki ce ta same mu. Da Baba ya ji sai ya kira ni.

"Wa zai damƙa shanunsa ga dillalin da aka ce ya karye? Ka bar maganar nan."

Na ce ko ya riƙa zagaya tsakar gida. Ya gwada, ya ce ji yake kamar akuya a turke, ga surukai suna ɓuya a ɗaki saboda shi. Ya daina. Wataƙila akwai wata dabarar, ban same ta ba.

Ciwon ya zo a hankali. Ƙishirwa, yawan fitsari, sai wani ɗan miki a yatsa da ya ƙi warkewa. A ƙarshe rirriƙe shi ake yi zuwa salla, masu gaisuwa suna cewa an yi sa'a masallacin yana kusa.

Bara aka auna ni, likita ya faɗa mini kusan abin da aka faɗa wa Baba. Ina koyarwa yanzu, ɗalibaina sun cika gari. Nakan fita bayan la'asar, ban yi nisa ba sai in ji birki a bayana.

"Malam, lafiya?"

Wani lokaci nakan yi bayani. Yawanci hawa nake yi.