Gishirin Gidan Timish

Duk ƙauyenmu an san Gwaggo Horpina da kaifin baki da iya jiƙa kabeji. Ta tatsi shanun gonar gwamnati har yatsunta suka lanƙwashe, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, amma ko sannu ba ta taɓa haɗa ta da gidan Timish ba, alhali shinge ɗaya ya raba su.

Tana ƙarama lokacin da Jamusawa ke farautar Yahudawa, uwarta Motriya ta ɓoye wata tela, Perla, da jaririnta a ramin ajiye dankali. Timish ya jiyo kukan jaririn, ya je ya tsegunta. Aka harbe su ukun a bakin rijiya. Ladan Timish buhun gishiri, kuma a kan idon Horpina ya wuce da shi a kafaɗa. Bayan yaƙi kowa ya ja bakinsa, la'anannen ya mutu a gadonsa lafiya lau.

Tana tsohuwa tukuf sai ga masu fim daga birnin Kyiv, suna neman gidajen da suka ceci Yahudawa. Panas ɗan Timish, sarkin son a sani, ya yi caraf ya ce ai a raminsu aka ɓoye Perla. Wa zai ƙaryata shi? Tsofaffi sun ƙare. Labari ya iske Horpina. Sun kashe uwarta, yanzu kuma sunanta za su sace.

Ranar ɗaukar fim Panas ya caɓa ado, ya fito da burodi da gishiri a kan kyalle mai zane, yadda muke tarbar baƙi. Sai ga Horpina ta dogaro sanda.

"Gwaggo, ɗan matsa, kin shiga hoto," in ji mai kyamara.

"Shi na zo shiga, ɗan nan. Kai Panas, wannan gishirin ragowar na ubanka ne, ko kun sayi sabo?"

Panas ya yi yaƙe. "Ku yi haƙuri da ita, tsufa ne."

"Tsufa haƙorana ya ci, bai ci idona ba!"

Ta kai wa kwanon gishirin sanda, ya kife a ƙasa. A wurinmu ko da kuskure gishiri ya zube sai an yi rigima, balle da gangan a gaban baƙi. Ta juya ga kyamara ta zayyana komai, da sunan kowa.

Masu fim ba su yanke wurin ba. Ranar da aka nuna fim ɗin a zauren taron ƙauye Panas ya kulle kansa a gida, gidan kuwa yana kallon zauren. Dusar ƙanƙara na zuba, amma Horpina ta sa aka wangale tagogi, aka ƙure murya.

"Za mu daskare, Gwaggo!"

"Ku daskare."

Ko allon ba ta kalla ba. Tana tsaye a taga har muryarta ta cikin fim ta tsallaka titi tana cewa "buhun gishiri", ta ga an ja labulen gidan Timish.